Ƙartin Sahun Gaba a Tsohon Zamanin Zari-Ruga

Wasan zari-ruga, wato ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake runguma a hannu a ruga da ita har sai an dangwala ta a bayan layin abokan karawa, iri biyu ne, ko da yake mai kallo daga nesa yakan zaci abu ɗaya ne. Akwai na 'yan wasa 15, wanda ake kira rugbi yuniyon, shi ne kuma ya fi bazuwa a duniya. Akwai kuma na 'yan wasa 13, wanda ake kira rugbi lig, wanda mahaifarsa ita ce garuruwan masana'antu na arewacin Ingila, kafin ya ƙetara teku ya kafu a gabashin Ostareliya da Niyuzilan da kudancin Faransa da Papua New Guinea. Masoya wannan iri na biyu suna da al'adar tuna ƙartin da suka riƙe sahun gaba tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa farkon shekarun 1980, mutanen da har gobe ake ambaton sunayensu a Wigan da Hull da Sydney duk lokacin da aka taɓo zancen taurin rai. Waɗannan mutane sun cancanci a tuna da su, sai dai hirar da ake yi a kansu takan cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe, wato juriya da gwaninta da mugunta, takan kuma tsallake tambayoyi biyu masu nauyi: me ya sa suka kasance yadda suka kasance, kuma me abin ya jawo musu bayan an daina yi musu tafi.

A ƙwallon ƙafa ɗan gaba shi ne mai zura ƙwallo a raga, amma a zari-ruga aikinsa daban ne, domin 'yan baya 7, masu gudu da zilliya, su ne suka fi samun maki, yayin da 'yan gaba 6 ke yin aikin ƙarfin da zai buɗe musu hanya. Ana gane matsayin kowannensu ta wurin da yake tsayawa a turereniya, wato hanyar nan ta sake tayar da wasa inda 'yan gaban ɓangarorin biyu ke sunkuyawa su sarƙe kawuna da kafaɗu suna tura juna, a jefa ƙwallo a tsakanin ƙafafunsu, kowane ɓangare na ƙoƙarin jawo ta wajensa. A sahun farko akwai mutum 3: ginshiƙai biyu a gefe da gefe, waɗanda galibi su ne mafi kauri a ƙungiya, sai mai ƙugiya a tsakiyarsu, wanda ke rataye a kafaɗunsu yana ƙwato ƙwallon da ƙafa. Bayansu akwai 'yan sahu na biyu su 2, sannan mutum guda a can ƙarshe, wanda a Ostareliya ake kira makulli domin shi ke kulle turereniyar, a Ingila kuma ake kira sakakke domin shi ne farkon wanda ke iya sakin ta ya bi wasa. A wajen turereniya, aikin waɗannan mutane shi ne su karɓi ƙwallo su tunkari masu tsaro gaba da gaba don cin 'yan taku, idan kuma ƙwallon na hannun wancan ɓangare su ne ke yin mafi yawan kamu, wato tare mai riƙe da ita a kai shi ƙasa. Minti 80 ake yi ana wannan gumurzu, babu kwalkwali, babu sulke.

Ba za a fahimci halin waɗannan mutane ba sai an koma ga dalilin kafa wasan kansa. A ƙarshen ƙarni na 19 hukumar zari-ruga ta Ingila, wadda ke hannun masu hannu da shuni, ta haramta biyan ɗan wasa ko sisin kwabo, alhali 'yan wasan arewa mahaƙa kwal ne da ma'aikatan masaƙu da 'yan dakon tashar jiragen ruwa, waɗanda ke rasa ladan ranar Asabar idan suka bar aiki suka tafi fili. Da aka ƙi amincewa a riƙa mayar musu da abin da suka rasa, sai ƙungiyoyi 22 suka ɓalle bayan taron da aka yi a otal ɗin George da ke Huddersfield ranar 29 ga Agusta 1895, suka kafa tasu hukumar, suka kuma yarda a biya ɗan wasa abin da bai wuce sule shida ba a kan ranar aikin da ya rasa. A 1906 aka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13, a 1908 kuma aka fara gasa a Sydney, inda ƙorafin 'yan wasa ya haɗa da rashin kula da wanda ya ji rauni ya kasa zuwa aiki. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, duk da cewa ana biyan su, kusan dukkan 'yan wasan nan ba su bar sana'arsu ta yau da kullum ba har zuwa shekarun 1990. Mutum yakan fito daga rami ko daga ma'aikatar gilashi ta St Helens, ya yi atisaye da yamma sau biyu a mako, ya yi wasa ran Asabar, ran Litinin kuma ya koma bakin aiki da kumburarriyar fuska. A garuruwa irin su Featherstone da Castleford mutane kan ce idan ƙungiya na neman ginshiƙi sai dai a je bakin ramin kwal a ƙwalla kira, kuma Featherstone, duk da ƙanƙantarta, ta ɗauki Kofin Ƙalubale, wanda shi ne babban kofin wasan a Ingila, a 1967 da 1973 da 1983.

Tsarin biyan kuɗin ma yana da hannu wajen ƙera wannan hali. A Ingila ba albashi ake ba ɗan wasa ba, kuɗin wasa ake ba shi, na nasara daban, na rashin nasara daban, kuma na nasara ya fi ɗayan nesa ba kusa ba. Saboda haka ficewar mutum guda daga fili ba shi kaɗai ta shafa ba, ta shafi cefanen gidajen abokan wasansa 12, waɗanda da yawansu maƙwabtansa ne ko abokan aikinsa a rami. Dokar wasa ta ƙara ɗaure wannan tamau, domin a Ingila da wasannin ƙasa da ƙasa ba a yarda da canji ba, wanda ya karye ya fita sai ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum 12. Sai a 1964 aka fara yarda a Ingila a maye gurbin wanda ya ji rauni, shi ma sai idan abin ya faru kafin a shiga zagaye na biyu. Bayan haka, kafin 1966 babu iyaka ga yawan kamun da za a yi wa ƙungiya tana riƙe da ƙwallo: wanda aka kayar yakan tashi ya tura ta baya da diddige ga abokinsa, a sake tunkarowa, a sake kayarwa, har sai wani ya yi kuskure, ta yadda ƙungiya mai ƙarfin 'yan gaba ke iya riƙe ƙwallo na tsawon mintuna tana niƙa abokan karawa a hankali. Turereniya kuma a wancan zamani gasa ce ta gaske, ana yin ta sau gommai a wasa guda, kuma abin da ke gudana a cikinta na karo da kai da naushi ta ƙasa ba abin da alƙalin wasa ke iya gani ba ne. Duk wannan a tsakiyar hunturu ake yin sa, a filayen da ruwan sama da sawun ƙafa suka mayar taɓo, da ƙwallon fata wadda ke shan ruwa ta yi nauyi.

Labarin da ya fi bayyana abin da wannan tsari ke nema daga mutum shi ne na Alan Prescott, ginshiƙin St Helens kuma kyaftin ɗin Birtaniya a rangadin Ostareliya na 1958. Ƙasashen biyu kan yi wasanni uku don neman kambin da ake kira Ashes, Birtaniya kuma ta riga ta sha kashi a na farko da maki 25 da 8, don haka rashin nasara a na biyu, wanda aka yi a Brisbane ranar 5 ga Yuli, yana nufin kambin ya tafi ke nan. Ba a wuce mintunan farko ba hannun daman Prescott ya karye, ba da jimawa ba kuma ɗan baya Dave Bolton ya karya ƙashin kafaɗa ya fita, ƙungiyar ta koma mutum 12, wasu daga cikinsu ma suna fama da nasu raunukan. A hutun rabin lokaci likita ya nemi Prescott ya haƙura, ya ƙi, ya koma fili hannu guda na lilo, yana shiga turereniya, yana tsayawa a layin tsaro domin ko ba komai dole mai gudu ya kewaye shi. Vince Karalius, sakakken tawagar, ya bar gurbinsa ya riƙe na Bolton, Birtaniya ta yi nasara da 25 da 18, ta kuma ƙarasa aikin a Sydney da 40 da 17. Wanda ya dubi lamarin da idon basira zai ga cewa lissafin a fili yake: mutum 12 na iya tsare faɗin fili da ƙyar, mutum 11 kuwa ba sa iyawa, kuma babu kowa a gefen fili da doka ta yarda ya shigo. Wannan ba shi ne karo na farko ba, domin a Sydney a 1914 Birtaniya ta taɓa komawa mutum 10 a irin wannan wasa ta kuma ci 14 da 6, bayan Douglas Clark na Huddersfield, mai sayar da kwal kuma zakaran kokawar gargajiya ta yankin Cumberland, ya yi ta wasa da karyayyen babban yatsa har sai da kafaɗarsa ta goce. A wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na 1960 a Wembley kuwa, mai ƙugiyar Hull, Tommy Harris, ya bugu a kai, ya ci gaba da wasa cikin jiri har sai da aka fitar da shi, aka kuma ba shi kyautar Lance Todd ta gwarzon wasa duk da cewa Wakefield ta lallasa ƙungiyarsa da 38 da 5.

Kuskuren da masu tunawa ke yawan yi shi ne ɗaukar cewa ƙarfin tuwo kawai waɗannan mutane ke da shi. Abin da ya ɗaga 'yan gaban Birtaniya na shekarun 1950 sama da takwarorinsu shi ne hannu da ido, wato iya jawo masu tsaro biyu ko uku a jiki sannan a saki ƙwallo ga abokin da ke tafe a guje, a daidai lokacin da gibi ya buɗe. Brian McTigue na Wigan ɗan damben zamani ne kafin ya koma zari-ruga, har ya taɓa gwada hannu da Joey Maxim wanda ya riƙe kambin duniya, amma ba da naushi ake tuna shi ba, da wannan sakin ƙwallo ne, wanda ya taimaka masa samun kyautar Lance Todd a 1959. Prescott kansa a gefen fili ya fara wasa cikin 'yan gudu kafin cikar jiki ta mayar da shi ginshiƙi. Johnny Whiteley, sakakken Hull, ya yi shekaru 15 yana wasa tare da wasu daga cikin 'yan gaban da aka fi shakka a Ingila amma ba a taɓa korarsa daga fili ba, shi ne kuma ya horar da tawagar 1970, wadda ita ce ta ƙarshe daga Birtaniya da ta ci Ashes.

Wannan fasaha ta ƙetara zuwa Sydney ta hannun 'yan Ostareliya biyu da suka yi wasa a Ingila, wato Ken Kearney mai ƙugiya, wanda ya dawo daga Leeds, da Harry Bath, wanda ya daɗe a Warrington yana kuma cikin waɗanda suka yi wasa gaban 'yan kallo 102,569 a filin Odsal na Bradford a 1954. Ƙungiyarsu, St George, ta haɗa wannan da tsaro mai jere ɗaya wanda ba ya barin kafa, da atisaye mai tsanani, ta ci gasar Sydney sau 11 a jere daga 1956 zuwa 1966. Norm Provan, dogon ɗan sahu na biyu, da shi aka ci 10 daga ciki, makulli Johnny Raper kuma, wanda ba shi da wani girman jiki amma ya shahara da bin mai gudu ya sare shi ta ƙafa, da shi aka ci 8. Bayan wasan ƙarshe na 1963, wanda aka yi cikin taɓo St George ta doke Western Suburbs da 8 da 3, mai ɗaukar hoto John O'Gready ya kama Provan rungume da gajeren kyaftin ɗin abokan karawarsa, Arthur Summons, laka ta rufe su har ba a bambance rigunansu, kuma kofin da ake ba zakaran gasar Ostareliya a yau an ƙera shi ne bisa siffar wannan hoto, yana ɗauke da sunayen su biyun. Yadda riƙe ƙwallo ke cinye wasa ya sa hukumomi suka taƙaita kamu zuwa huɗu, a Ingila a 1966, a Sydney a 1967, daga baya aka mayar da shi shida, kuma mulkin St George ya ƙare ne a shekarar farko ta sabuwar dokar.

South Sydney ce ta gaji kambin, ta ci gasa a 1967 da 1968 da 1970 da 1971 da sahun gaban da ya haɗa John O'Neill da Bob McCarthy da Ron Coote, ƙarƙashin kyaftin John Sattler, wanda ya taso a Kurri Kurri, garin mahaƙa kwal da ke arewa da Sydney. A wasan ƙarshe na 1970, an fara wasa ba da daɗewa ba, ɗan gaban Manly John Bucknall ya kai wa Sattler duka alhali ba ya riƙe da ƙwallo, ya karya masa muƙamuƙi. Sattler ya nemi wani abokin wasansa ya tallafe shi don kada abokan karawa su gane ya ji ciwo, ya ƙi fita a hutun rabin lokaci, ya ƙarasa wasan har South Sydney ta ci 23 da 12, aka ɗauke shi a kafaɗu bakinsa na jini. A wannan shekara doka ta riga ta ba da damar canza wanda ya ji rauni, wanda ke nuna cewa abin da ya kasance larura a zamanin Prescott ya zama al'ada mai zaman kanta a zamanin Sattler, al'adar da ke auna namiji da yawan zafin da zai iya ɓoyewa. Sattler kansa ba salihi ba ne a fili, domin an kore shi sau 15 a rayuwarsa ta wasa, amma waɗanda suka san shi a waje sun shaide shi da sanyin murya da ladabi, kuma wannan tazara tsakanin mutumin fili da mutumin gida ana samun ta a tarihin da yawa daga cikinsu.

Idan akwai mutum guda da ya haɗa ƙarfi da gwaninta har ya faɗaɗa aikin ginshiƙi, to Arthur Beetson ne, ɗan Aborijin, wato mutanen asali na Ostareliya, wanda aka haifa a garin Roma na jihar Queensland a 1945. Mutum ne mai nauyin jiki, amma yana iya tsayawa daram masu tsaro na rataye a jikinsa, ya zaro hannu guda ya miƙa ƙwallo ga wanda ke biye da shi. A 1973 ya jagoranci Ostareliya a karawa da Faransa, ya zama Aborijin na farko da ya riƙe kyaftin ɗin ƙasar a wani babban wasa, shekaru 6 kacal bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1967 wadda ta soke sashen tsarin mulkin da ya hana lissafa mutanensa cikin adadin al'ummar ƙasa. Ya jagoranci Eastern Suburbs ta ci gasa a 1974 da 1975, ta biyun da maki 38 da nema a kan St George, sannan a 1980, yana da shekara 35, ya ja ragamar Queensland a wasan farko da aka yarda 'yan jihar da kuɗi ya kai Sydney su koma su wakilci mahaifarsu, suka doke New South Wales da 20 da 10. Rayuwar wasu kuma ta ƙaryata zaton cewa ɗan gaba ba shi da kai: Cec Thompson, ɗan wani mutumin Trinidad, ya taso a gidajen marayu da ƙyar yake iya karatu, ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka wakilci Birtaniya lokacin da aka zaɓe shi a 1951, daga baya ya sami digiri a Jami'ar Leeds ya zama malamin tattalin arziki; Kevin Ryan, ginshiƙin St George da ake matuƙar tsoron kamunsa, ya zama lauya kuma ɗan majalisar jiha.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren ba tare da kwaskwarima ba. Akwai abin da 'yan wasa ke kira lokacin tausasawa, wato mintunan farko na babban wasa da alƙalai kan sassauta, a daki juna don a ga wanda zai fara karaya. Akwai kamun sandararren hannu, inda ake miƙe hannu a tare wuya ko fuskar mai gudu, akwai gwiwar hannu, akwai cusa yatsa a ido. Wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1970 a Leeds, wanda Ostareliya ta ci Birtaniya 12 da 7, ya ƙare ne da kora biyu da dambacewa, wasan ƙarshe na Sydney na 1973 tsakanin Manly da Cronulla kuma, inda Turawan Ingila Malcolm Reilly da Cliff Watson ke ɓangarori daban-daban, har yau ana lissafa shi cikin mafiya muni. Jim Mills na Wales, wanda aka kora sau 20, ya taka kan John Greengrass na Niyuzilan a Swansea a 1975 bayan mutumin ya riga ya dangwala ƙwallo yana kwance, hukumar Niyuzilan kuma ta haramta masa wasa a ƙasarta. Les Boyd ya karya muƙamuƙin Darryl Brohman da gwiwar hannu a 1983 aka dakatar da shi wata 12, da ya dawo kuma aka sake dakatar da shi wata 15 saboda cusa yatsa a ido. Dukan mutumin da bai ankara ba ba jarumta ba ce, kuma masu hirar da ke jera irin wannan aiki da na Prescott a sahu ɗaya suna tauye wa Prescott haƙƙinsa. Dogayen hukunce-hukuncen da lauya Jim Comans ya riƙa yankewa a matsayinsa na shugaban kwamitin ladabtarwa na Sydney a farkon shekarun 1980 sun fusata tsofaffin 'yan wasa, amma sun yi daidai, kamar yadda kotu ta yi daidai lokacin da ta ɗora wa ƙungiyar Canterbury alhaki tare da ɗan wasanta Mark Bugden a kan karya muƙamuƙin Steve Rogers a 1985.

Zamanin ya ƙare da sauri. A 1982 tawagar Ostareliya ta je Ingila da Faransa ta ci dukkan wasanninta 22, ta doke Birtaniya sau uku da jimillar maki 99 da 18, da 'yan gaba irin su Wayne Pearce waɗanda ke gudu kamar 'yan baya saboda sabon salon atisaye. A 1993 aka mayar da tazarar da masu tsaro ke ja da baya zuwa mita 10, turereniya ta koma kusan al'ada kawai da ba a gasa a cikinta, a 1996 kuma Ingila ta mayar da wasan zuwa bazara, manyan 'yan wasa suka bar sauran sana'o'i, a daidai lokacin da ramukan kwal ɗin da ke samar da su suka riga suka rurrufe. Ginshiƙin yau ya fi na da girma da gudu, yana yin wasa na ɗan lokaci a hutar da shi, tunda ƙungiya na iya yin canji har sau 8, amma karon da yake sha ya fi na da ƙarfi saboda nisan da ake tasowa a guje.

Abin da tsofaffin suka biya sai daga baya ya bayyana. Gwiwoyi da kafaɗu da haƙoran da suka tafi an daɗe da sanin su, sabon abin shi ne ƙwaƙwalwa. Steve Folkes, ɗan sahu na biyu na Canterbury, ya rasu a 2018 yana da shekara 59, binciken ƙwaƙwalwarsa kuma ya nuna cutar nan da likitoci ke dangantawa da yawan buguwar kai, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Sattler ya yi fama da cutar mantuwa kafin rasuwarsa a Maris 2023 yana da shekara 80, Mario Fenech, mai ƙugiyar South Sydney na shekarun 1980, ya kamu da ita tun bai tsufa ba, a Ingila kuma tun daga 2021 tsofaffin 'yan wasa suka fara neman haƙƙinsu ta hanyar shari'a a kan hukumar wasan. Tsohuwar al'adar dai ba ta mutu ba, domin a wasan ƙarshe na 2014 Sam Burgess, ɗan Ingila mai wasa a South Sydney, ya fasa ƙashin kunci a karon farko na wasan, ya ƙarasa minti 80, ƙungiyarsa ta doke Canterbury da 30 da 6 ta ɗauki kofinta na farko tun 1971, jama'a kuma suka yi ta kwatanta shi da Sattler. Amma a dokar Ostareliya ta yanzu, wanda ake zargin ya bugu a kai ana fitar da shi minti 15 a gwada shi, idan abin ya tabbata kuma ya huta kwana 11, ta yadda Tommy Harris ba zai sami damar ci gaba da wasa ba a yau. Wannan doka ba raini ba ce ga mazajen jiya, gyara ne na abin da aka bari suka ɗauka su kaɗai a lokacin da babu wanda ya gaya musu haɗarinsa.

Waɗanda suka fara ganin halin da tsofaffin ke ciki su ne 'yan uwansu na fili. A 2002 Ron Coote, makullin da ya ci gasar Sydney sau 6 da South Sydney da Eastern Suburbs, ya haɗu da wasu tsofaffin 'yan wasa biyu, Jim Hall da Max Brown, suka kafa gidauniyar Men of League, wadda yanzu ake kira Family of League, don ziyartar marasa lafiya da tallafa wa waɗanda suka shiga ƙunci, a Ingila kuma Rugby League Cares na yin makamancin wannan aiki. Aikin yana da kyau, amma jinyar mai cutar mantuwa na ɗaukar shekaru, nauyinta kuma ya fi faɗawa kan mata da 'ya'ya, don haka bai dace a bar ta ga sadaka da liyafar tara kuɗi ba. Hukumomin wasan na Sydney da na Ingila, waɗanda ke tallata gasanninsu da hotuna da sunayen waɗannan mutane, su ya kamata su ware wani kaso tabbatacce daga kuɗin talabijin don binciken lafiya da jinyar waɗanda suka rage a raye, kuma su yi hakan yanzu, domin 'yan wasan shekarun 1970 duk sun haura shekara 60.